Tarihin Rayuwata: Zaman Bariki (Kashi na 7)

Makon jiya mun tsaya a daren da aka kwashe su Baban Abba, mijina, zuwa Borno. Ba a jima ba, a watan Mayun 2013, aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka kuma katse layukan waya. Duk matar da mijinta ke can, a barikinmu na Basawa da ke Zariya za ka ganta da waya a hannu tana ta jujjuyawa, ba kira ba saƙo.

Cikin wannan hali damina ta kankama, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Abba. Wani dare jikinsa ya ɗau zafi, idanu suka kakkafe, ya fara jijjiga. Ni ba 'yar Zariya ba ce, iyayena suna Gumel. Bango kawai na daka da tafin hannu. Maƙwabciyata Maman Biyu, 'yar Binuwai, ta shigo da ɗaurin ƙirji, ta saɓi yaron, ta ce, "Ɗauko katin asibiti, bar kukan nan sai mun isa." Ɗanta kuma ta tura gidan Magajiya.

Wanda bai zauna bariki ba bai san girman Magajiya ba. Matar soja ce kamar mu, amma ita ce uwar matan bariki: rigimar famfo, rabon shara, suna, rasuwa, duk a ƙofarta ake kai su. Abin da ya fi ƙarfinta ta miƙa wa RSM, wato babban saje-manjan bariki, shi kuma ya kai gaba. Matan hafsoshi suna da ƙungiyarsu NAOWA, mu matan ƙananan sojoji muna da tamu NASWA, amma tsakar dare ba ƙungiya ake tasa ba, Magajiya ake tasa.

A asibitin bariki suka yi masa allura, suka ce jininsa ya yi ƙasa, sai asibitin koyarwa na Shika. Kafin asuba Magajiya ta samo mota, ta kuma zo da samari biyu cikin kaki da za a gwada jininsu. Har yau ban san sunan wanda aka ɗebi nasa ba. Na durƙusa zan yi godiya, ya kau da kai ya ce, "Haba madam, Oga na can saboda mu."

Sai maganar kuɗi. Albashi bai shigo ba, hannuna wayam. A barandar asibitin Magajiya ta zaunar da ni, ta kwance bakin zaninta.

"'Yata, kwasar adashin wannan watan taki ce."

"Mama, ai tawa sai bayan Babbar Sallah."

"Mai kwasar ta yafe miki layi. Karɓi, kada ki sa ni magana."

Na ji mutanen gari suna cewa matan bariki ba su da kamun kai, kuma maganar tana ci mini rai. Waɗannan matan ne suka riƙa kawo mini kunu da tuwo har gadon asibiti, Musulmi da Kirista, suna karɓa-karɓa, Maman Biyu kuma ta riƙe mini ƙaramar 'yata tana goyo.

Ranar da aka sallame mu, na tarar da wani kofur a bakin ƙofata, ya dawo hutu daga Maiduguri, da takarda a ninke a aljihun gabansa. Rubutun da ke bayanta ba na Baban Abba ba ne.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.