Darasin Zaitun a Garkar Mirriya

Na bar Damagaram da sassafe wata ranar Lahadi a cikin watan Mayu, na shiga motar haya zuwa Mirriya, tafiyar kilomita 18 ta gabas a kan titin da ya nufi Gure da Diffa. Ranar kasuwa ce, motar ta cika maƙil da mata da kwandunansu, amma ni kawuna ne ya aiko in zo in ga garkarsa kafin mangwaro ya ƙare.

Abin da na fara gani bayan mun gaisa shi ne gorunan roba rataye a rassan itatuwa, kowace an huda mata ƙananan ƙofofi a wuya. Kawu ya kwance ɗaya ya zazzage a tafin hannunsa, sai ga matattun ƙudaje masu ratsin rawaya, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rubuta adadin a wani tsohon littafi.

"Ɗana, wannan aikin a Libiya na koyo shi," in ji shi.

Ya yi shekara 6 yana ƙodago a gonakin zaitun na yankin Tarhuna, kuma a can babban abokin gābar manomi shi ne ƙudan zaitun, wanda macensa ke huda fatar ɗan itacen ta saka ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta ci naman daga ciki, man da za a matsa ya yi tsami, darajarsa ta faɗi. Ya ce mai gonar da ya yi wa aiki ba ya ɗaukar injin feshi sai ya duba tarko, ya tsinko 'ya'ya ya tsaga, ya tabbata ɓarnar ta kai inda kuɗin magani zai biya kansa. Kafin a kai nan, ana sassabe rassa don iska da rana su ratsa, domin cutar da ke yi wa ganye ɗigo-ɗigo har ya zube laima take so. Ana fesa farar ƙasa a jikin 'ya'yan don ƙuda ya ƙi sauka. Ana kuma girbi da wuri idan shekara ta zo da yawan ƙwari.

Zaitun ba itacen ƙasarmu ba ne, amma ƙudan da ke ruɓar da mangwaronmu ɗan uwan wancan ne na kusa. Daga Asiya ya fito, an fara ganinsa a Afirka a Kenya cikin 2003, ya kuma bazu har yankinmu. Da zarar ruwan farko ya sauka sai ya yawaita.

Na fi jimawa a gindin wani babban mangwaro ina kallon jikokin Kawu suna tsince duk ɗan da ya faɗo. Ya tsaga mini ɗaya wanda daga waje lafiya lau yake, ciki kuwa ya yi ruwa, fararen tsutsotsi suna motsi. Idan aka bar shi a ƙasa, tsutsar za ta shige cikin turɓaya ta fito ƙuda, shi ya sa suke ɗaure ruɓaɓɓun a baƙar leda su ajiye a rana har zafi ya kashe abin da ke ciki. A ganina wannan tsintar, wadda ba ta cin ko dala, ta fi duk sauran dabarun amfani, kuma ita ce mutane suka fi rainawa.

Na tambaye shi: "Kawu, ke nan kun daina feshi?"

Ya ce bai daina ba. Ga kayan miya yana daka 'ya'yan dogon yaro ya jiƙa su kwana, ya tace ya fesa da yamma, maganin kanti kuwa sai in littafin ya nuna ƙuda ya yi yawa. Damuwarsa ita ce maƙwabtan da ke barin ruɓaɓɓen mangwaro a ƙasa, tunda ƙuda bai san shinge ba, kuma ya ce zai sake kai maganar gaban masu garka bayan sallar Juma'a.

Da la'asar ya rako ni bakin titi da buhun mangwaro, ya ce in kawo masa gorunan roba duk wanda na samu a birni idan zan dawo.