Abin da rijiyar fadama ta koya mini

Shekara bakwai ke nan ina aikin agaji na sa kai a ƙauyukan bakin kogin Galma, gabas da Zariya. Mu goma sha ɗaya ne: manoma, 'yan acaɓa biyu, malamin firamare, da wani dattijo masunci da muke kira Baba Sarkin Ruwa. Ba albashi, ba mota. Kayan aikinmu igiya, gora, tocila, usur da jarkoki.

Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tana nan tun 1999, jiha ma tana da tata hukumar agajin gaggawa, ga lambar kiran gaggawa ta 112. Sai dai Kaduna ƙananan hukumomi 23 gare ta, kuma duk wanda ya san hanyoyinmu a watan Agusta ya san yadda mota ke kafewa a taɓo. Wanda numfashinsa ya tsaya kuwa, cikin minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa. Shi ya sa wanda ke kusa shi ne mai ceto, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Da na shiga aikin nan, na ɗauka ƙarfin zuciya ne jarinsa. Wata rijiya ce ta gyara mini tunani.

Da rani ne, a fadama. Wani saurayi ya shiga yasar rijiya, an bar injin ban-ruwa yana ta aiki a bakinta, hayaƙi na gangarawa ciki. Ya yanke jiki ya faɗi. Wansa ya bi shi, shi ma aka ji shiru. Da na iso, mahaifiyarsu na birgima a ƙasa tana cewa, "Ku shiga mana, 'ya'yana! Ku shiga!" Ban san lokacin da na tuɓe takalmi ba. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu.

"Ɗana, tsaya," in ji Baba. "Biyu ne a ciki. Kada ka cika su uku."

Wallahi a lokacin na ji haushinsa. Ya sa aka kashe injin, aka kunna fitilar ƙwai aka zura ta da igiya. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Da ni ne a wurin fitilar nan, da tuni. Muka ɗaura lema a buɗe muna zurawa muna jawowa don iska ta motsa, wani kuma ya ruga gida ya ɗauko ƙugiyar ciro guga. Da ita muka kamo rigar wan, muka jawo shi da sauran numfashi. Ƙanen sai gawarsa. Allah ya jiƙansa.

Daga baya, a wajen wani horon taimakon farko, aka ƙara mana bayani: mutuwar fitila na nuna ƙarancin iskar shaƙa, amma gubar hayaƙin inji ba ta da wari, kuma tana iya kashe mutum fitila na ci. Ke nan ko fitila ba ta mutu ba, in inji ya yi aiki a wurin, ba a shiga.

Haka lamarin yake a kogi. Mai nutsewa ba ya gane ɗan'uwa, duk abin da ya taɓa sai ya danne shi. Ka miƙa masa gora, ko ka jefa masa jarka mai murfi da igiya a hannunta. Shiga ruwa shi ne na ƙarshe, kuma na masunta ne da suka san inda ruwa ke juyi. In an fito da shi, a nan ma sai ka tare jama'a, don kowa so yake a kife shi a danna ciki wai ruwa ya fita. Wannan ɓata lokaci ne, har yakan jawo amai ya shaƙe shi. In ba ya numfashi, hura masa iska ake yi, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba.

Ɓatan yaro ma sai an tsayar da mutane. Gari kan watse cikin gonaki, a tattake sawunsa, a duba wuri ɗaya sau biyar. Yanzu ladan ke shela a lasifika, mai unguwa ya raba mu, a fara da rijiyoyi da kududdufai.

Har yau muryar mahaifiyar samarin rijiyar nan ba ta bar kunnena ba, kuma in mun haɗu a kasuwa nakan rasa inda zan sa idona. Ɗan nata da ya rayu ya shigo cikinmu bayan shekara ɗaya. Shi ke riƙe da igiyoyi. Kafin kowace damina yakan shimfiɗa su a ƙofar gidan mai unguwa, ya bi su kamu-kamu da hannu, duk wadda ta fara cinyewa ya ware ta gefe.