Fim ɗin da ya sa na tuna ƴan layinmu

Jiya da daddare na kalli wani fim a waya, labarin abokai ne da suka taso unguwa ɗaya, ɗaya ya tafi ci-rani ya daɗe sannan ya dawo gida ya tarar garin ya sauya masa. Gaskiya ƙarshen bai burge ni ba, sun ja shi da yawa, amma wajen da ya tsaya yana tambayar yara hanyar gidan kakarsa a unguwar da aka yanke masa cibiya, wallahi sai da na tsayar da fim ɗin na yi shiru.

Haka Kano ta yi min da na dawo. Na bar ta ana hawa acaɓa, na dawo an hana tun 2013 sai adaidaita sahu ko ina, ga gada a Ƙofar Nassarawa, kududdufin da muke kamun tarwaɗa iyayenmu na zane mu an cike shi an dasa shaguna, dakalin da muke shan rake muna musun ƙwallo har a kira isha'i yanzu mai POS ne a kai. Dala dai tana nan, na hau ina haki, da kuwa da gudu muke hawa.

Abokan langa da tashe fa? Ɗaya yana Kwari yana sayar da atamfa ya yi tumbi, ɗaya yana Legas, ɗaya Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Na Kwarin da ya gan ni sunan tsokanata na firamare ya kira a gaban kwastomominsa, ko kunya babu.

Ƴan layinmu in kuna nan ku fito, wannan sallar sai mun haɗu a hawan Daushe, kowa ya zo da kuɗin fura.