Haɗa kyandir da ƙawaye don kaiwa kasuwar sana'ar hannu

Idan ku uku ne, ku raba aikin: ɗaya ta narka kaki, ɗaya ta kafa lagwani, ɗaya ta riƙe lissafi. Kada a ɗora kakin kai tsaye a wuta, a sa tukunyarsa cikin wata mai ruwan zafi. Kakin waken suya in ya kai digiri 80 a ma'aunin Celsius sai a zuba man turare, giram 60 zuwa 80 ga kowane kilo, a juya minti biyu. A bari ya huce zuwa wajen digiri 55 kafin a zuba a kofunan gilashi. Mai gaggawa za ta tarar saman ya tsage ko ya lotsa.

Lagwani ne ke ba mutane kunya. Siriri yakan haƙa rami a tsakiya ya bar kaki maƙale a gefe, mai kauri kuwa sai hayaƙi. Ku kunna guda ɗaya na awa uku ku gani tukuna.

A ajiye kyandirorin mako biyu ƙamshi ya kama. Ranar kasuwa ku nemi inuwa, don rana na sa kaki zufa. Kuɗin rumfa da na kofuna da wahalarku duk su shiga farashi, rabon riba kuma a rubuta shi tun ba a sayar da ko ɗaya ba.