Asabar ɗina a Zuni, wajen masu ginin tulu

Tun bayan asuba muka bar Albukarki ni da wata 'yar ajinmu a motarta, muka miƙi hanyar yamma har kusan iyakar Arizona, tafiyar sama da awa biyu, hagu da dama ba ka ganin komai sai jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai da 'yan itatuwa gajejjeru. Zuni ɗaya ce daga cikin garuruwan Pueblo 19 na 'yan asalin ƙasar da ke jihar Niyu Meksiko ta Amurka, su kuma mutanen A:shiwi suke kiran kansu, harshensu ma wai masana sun rasa wanda za su haɗa shi dangi da shi duk duniya. Muna isa muka fara biyawa ofishin karɓar baƙi don nan ba a shiga gari haka kawai a kama ɗaukar hoto, sai da izini, abin da ya shafi ibadarsu kuwa ko da izinin ma ba a ɗauka. Na ce to madalla, na jefa wayata a jaka.

Wata dattijuwa ce ta karɓe mu, goggon ƙawar ƙawata, ta zaunar da mu a ɗakin da take aiki. Abin da na fara gani shi ne wani kwano cike da tsingaro, fasassun tukwane wasu da sauran zane a jikinsu, ga dutsen niƙa a gefe. Ashe niƙa su take yi su koma gari ta kwaɓa da sabon yumɓu, don yumɓu zalla in ya bushe ko ya ji wuta tsagewa yake yi, shi garin tsingaron da ya riga ya sha wuta sau ɗaya shi ke riƙe shi. Kenan duk tulun da ta gina akwai tsohuwar tukunya a cikinsa, ita ma tsohuwar akwai wadda ta girme ta a cikinta, haka abin yake tafiya baya baya ba wanda zai ce maka ga inda ya tsaya. Wallahi wannan abu shi ya tsaya min a rai duk yinin. Mutanen Acoma, wani garin Pueblo, ma haka suke yi.

Yumɓun kansa ba sayowa ake ba, hawa dutse ake a haƙo a ɗauko a baya, kuma kafin su ɗiba sai sun yi addu'arsu sun zuba garin masara don a wurinsu ƙasar uwa ce ba a ɗibar mata abu babu sallama. Ni dai sauraro na je yi, ban ce uffan ba. A jiƙa shi, a tace, a tsince 'yan tsakuwa ɗaya bayan ɗaya don ƙwaya ɗaya in ta maƙale ita za ta fasa aikin wata guda a cikin wuta. Babu injin juyi ko kaɗan. Gindin take fara dannawa a cikin wani ɗan kasko, sai ta murza yumɓu ya yi tsawo ta naɗa a kai, ta ƙara wani ta naɗa, tana matsewa da yatsu tana kankarewa da sakaina har bangon ya yi siriri, tana hira da mu ko kallon hannunta ba ta yi. In ya bushe a shafe shi da ruwan farar ƙasa a goge da wani ɗan dutse mai santsi, nata ta ce na kakarta ne.

Wajen zanen ne na matso kusa sosai har ƙawata na ja min riga. Burushinta ganyen yuka ne, wani tsiro mai dogayen ganye masu tsini, ta tauna bakin har zaren ya fito sannan ta rage 'yan silili kaɗan. Baƙin fentin kuma wani ganyen daji ake dafawa a yi ta dafawa har ya yi kauri ya daskare, sai a narka a haɗa da garin dutse mai ƙarfe a ciki. Ba ta yi zanen gwaji da fensir ba, ba awo ba komai, ta ɗora layi ta zagayo da shi ya dawo daidai. Amma layin da ya raba wuya da ciki da gangan ba ta haɗe bakinsa ba, ta bar ɗan gurbi, tsohuwar al'ada ce a tukwanensu ana barin hanya kada a rufe ruf. Barewa take zanawa a tsaye cikin wani ɗan gida mai lanƙwasa, da jan layi tun daga bakinta har zuciya, hanyar numfashinta kenan, duk inda ka ga wannan barewar a jikin farin tulu to kusan ka ce Zuni. Sauran zanen kusan duk maganar ruwa ce, kwaɗi da 'ya'yansu, tsuntsun ruwan sama mai naɗaɗɗen baki, matakalar gajimare a bakin kwanon garin masara. In ka kalli yadda ƙasar ta bushe a waje ba sai an yi maka bayani ba. Har da mujiya suke ginawa da 'ya'yanta a maƙale, nan kam na yi dariya a raina na ce ko kyauta aka ba ni ba mai bari na shiga da ita gidanmu.

Da ta kifa wani tsohon tulu na ga gindinsa a lotse ciki, na ce wannan fa? Ta ɗora a ka ta saki hannu. Tab, yadda matan ƙauyenmu ke ɗauko tulu daga rafi, illa dai su lotsawar ce ke hawa kan mutum daram, ko da yake su ma suna da irin nasu gammon da suke saƙawa. Har yau akwai ƙungiyar mata a Zuni da ke rawa da tuluna a ka wajen bukukuwa.

Gashin ba mu gani ba don iska ta yi yawa yau, amma ta nuna mana tarin busasshen kashin tumaki da aka yanko fale-fale daga garke, da shi ake lulluɓe tukwanen a fili a kunna. Su tumakin ma Sifaniyawa ne suka kawo su. Ta ce da yawa yanzu a murhun lantarki suke gasawa don ba asara, ita ma wani lokacin tana yi kuma in mai saye ya tambaya ba ta ɓoyewa. Na ji daɗin wannan gaskiyar tata.

Da azahar muka leƙa ɗan gidan tarihinsu, A:shiwi A:wan, a nan na haɗa sauran labarin. A 1540 Coronado, jagoran Sifaniyawa, ya dira garinsu Hawikuh da sojoji yana neman biranen zinare, ya tarar da gidajen dutse da laka da rumbunan masara. Shekara guda kafin shi baƙon da ya fara isowa ma ɗan Afirka ne, Estebaniko, bawa daga Azemmur ta Maroko, a nan aka kashe shi. A da wasu tukwanensu da fenti mai ƙyalli na dalma ake zana su, bayan tawayen 1680 da garuruwan Pueblo suka haɗa kai suka kori Sifaniyawa, mutanen Zuni suka haye dutsen Dowa Yalanne suka zauna har 1692, wajajen nan ne mai ƙyallin ya ɓace aka koma irin fentin da na gani yau. Dutsen yana nan ana hango shi daga cikin gari.

Abin da ya ɓata min rai na 1879 ne, lokacin da James Stevenson da matarsa Matilda da Frank Cushing suka zo daga cibiyar gidajen tarihi ta Smithsonian, daga nan aka yi ta kwasar tukwane dubbai ana kaiwa Washintan. Ga jirgin ƙasa ya iso Gallup, wani gari da ke kusa, bokitin ƙarfe ya shigo, wa zai wahala da tulu? Sannan kuɗi ya koma wajen ƙirar azurfa da shuɗin dutse, maginan suka ragu har sana'ar ta kusa mutuwa. Abin mamaki a aji ta farfaɗo, a makarantar sakandaren Zuni, inda Daisy Hooee, jikar Nampeyo shahararriyar maginiyar ƙabilar Hopi, ta koyar, bayanta Jennie Laate 'yar Acoma ta karɓa, yara maza ma suka shiga alhali da aikin mata ne. Kuma wasu maginan sai da suka bi tukwanen kakanninsu har gidajen tarihi suka duba zanen ta bayan gilashi ko a ɗakin ajiya suka dawo da shi gida. To ka ce an kyauta da aka adana ko ka ce an kwashe musu gado, ni dai na fi karkata ga na biyun, kayanka ne amma sai ka nemi izini kafin ka taɓa.

A hanyar dawowa ƙawata ta yi ta ba ni labarin sauran garuruwan, Maria Martinez ta San Ildefonso da mijinta Julian da suka fito da baƙi a kan baƙi wajen 1919, ana danne wutar da garin kashin dabbobi hayaƙi ya mayar da jan yumɓu baƙi wuluk mai sheƙi, da Helen Cordero ta Cochiti da ta fara gina tsoho mai ba da tatsuniya yara sun ɗare jikinsa a 1964, da tukwanen Taos da Picuris masu walƙiya da har yanzu ake dafa wake a ciki. Ta kuma ja min kunne kan na kanti, akwai waɗanda a mazubi ake zuba su a yi fenti kawai, tun 1990 akwai dokar da ta hana sayar da abu da sunan aikin 'yan asalin ƙasar in ba nasu ba ne, amma mai saye dai ya tambaya ya kuma leƙa cikin tukunyar ya shafa.

Mun tsaya shan mai a Gallup na kira Umma, can dare ya yi har ta kwanta. Na ce Umma yau na ga tulun da ake sayarwa ɗaruruwan daloli, ta ce ke 'yar nan tulu fa kika ce? Ruwan ciki zuma yake komawa? Na ce ai Umma ba a ma zuba masa ruwa yanzu, ajiyewa ake a kalla. Ta yi salati ta ce Allah Ya kyauta, kada dai in kuskura in taɓa kuɗin makaranta. Ban gaya mata na riga na sayi ɗan ƙaramin kwano mai kwaɗo a baki ba, sai na dawo hutu ta gani da idonta.