Godiya ga duk wanda ya sa hannu a aikin hana cin zalin yara

Assalamu alaikum iyaye, malamai da 'yan'uwa.

Zangon karatu ya ƙare, aikin da aka ɗauko na hana cin zali tsakanin yara shi ma ya kai inda aka nufa a wannan karo. Alhamdu lillahi. Yabon gwani ya zama dole, don haka ga godiyarmu, kowa da abin da ya yi, yadda mai ɗorawa daga nan zai san hanyar da aka bi.

Malamai ne kan gaba. Su suka yarda aka zauna aka bambance faɗa da cin zali, domin nan ake ɓata aikin tun daga tushe. Sa'o'in juna biyu su yi cacar baki har su dambace, gobe ka gan su tare, wannan faɗa ne. Cin zali kuwa sai abu uku sun haɗu, kamar yadda Dan Olweus, masanin da ya daɗe yana nazarin lamarin a Norwe, ya bayyana: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, na jiki ne, na baki ne, ko na yawan abokai. Faɗa ana sasanta shi gaba da gaba. Cin zali ba a yi masa haka. In ka zaunar da yaro gaban wanda yake tsoro ka ce su gaisa, cewa zai yi "ba komai Malam, wasa ne", a fita waje kuma a ninka masa don ya kai ƙara. Malaman da suka bar wannan hanya suka koma ganin kowane yaro shi kaɗai, mun gode.

Mun gode wa masu gadi da masu shara, waɗanda ba a cika tunawa da su ba. An raba wa yara zanen makaranta, ba suna, aka ce kowa ya sa jan biro inda yake jin tsoro. Jan ya taru a banɗaki, da bayan azuzuwa, da bakin ƙofa lokacin tashi, da 'yan mintocin nan tsakanin fitar malami da shigowar wani. Tsayuwar babba a wuraren nan ta fi doguwar huɗuba a filin taro amfani.

Sai masu riƙe littafin rahoto. Aiki ne mai gundura, amma shi ne ƙashin bayan komai: rana, wuri, abin da aka yi, wa ya gani, matakin da aka ɗauka. Bayan mako ɗaya zuwa biyu a sake kiran yaron a keɓe a tambaye shi, abin ya daina, ya ragu, ko yana nan? Galibi a nan shiri yake mutuwa. A yi wa mai laifi faɗa, a ɗauka an gama, alhali salo kawai ya sauya, ya bar duka ya koma habaici da hana sauran yara kula shi.

Godiya ta musamman ga 'ya'yanmu ɗalibai. Mai cin zali 'yan kallo yake yi wa, dariyarsu ce ladansa. A kan wannan aka gina KiVa, shirin hana cin zali a makarantu na jami'ar Turku a Finlan, kuma wani bincike da aka buga a 2001 kan yaran firamare a Kanada ya nuna cewa in wani yaro ya sa baki, a kashi 57 cikin ɗari na lokuta abin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10. Ba a ce kowa ya shiga dambe ba. Kada ka yi dariya, kada ka ɗauki bidiyo, ka je ka tsaya kusa da wanda ake cin zalinsa, ka kira babba, in an watse ka ce masa "na ga abin da aka yi maka". Da wuya ga yaron da ke gudun a kira shi magulmaci, amma sun yi.

Iyaye, mun san ba daɗi a ce wa uba ya daina cewa "kai ma ka rama" ko "kai ba namiji ba ne?" Yaron da ya ji haka ba ya sake kawo maganar gida. Mun gode da kuka koyi lura da ciwon ciki ko ciwon kai da ba ya tashi sai safiyar makaranta, da rigar da ake yawan yagewa, da kayan da ke ɓacewa, da fitsarin kwance da ya dawo bayan an daina. Haka batun waya: in an ci zalin yaro a WhatsApp ko TikTok, kada a ƙwace masa ita, don tsoron ƙwacewar ne ke sa su ɓoyewa. A ɗauki hoton saƙon da kwanan watansa tukuna, sannan a toshe mai turowa a kai rahotonsa, kuma kada a mayar da martani. Iyayen da aka kira kan cewa ɗansu ne mai yi, suka zo ba da faɗa ba, sun fi kowa cancantar godiya. Shi ma yaro ne, sau da yawa kuma akwai abin da ke cinsa. Bulala ba ta koya masa komai sai cewa mai ƙarfi shi ke da iko.

Ma'aikatan lafiya da masu ba da shawara, Allah ya saka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiyar suka bar mana a fili take. Ƙunci, keɓewa, rashin barci ko ƙin abinci da ya kai mako 2, a kai yaro a duba shi. In ya ce ya gaji da rayuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta dasa tunanin. In ya amsa cewa yana yi, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da duk abu mai kaifi, a kai shi asibiti a ranar.

Ga masu cewa abin bai kai haka ba: rahoton 2019 na UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku an ci zalinsa a makaranta cikin wata gudan da ya gabaci tambayar.

Abu biyu ba mu shawo kansu ba tukuna, hanyar komawa gida da zaurukan hira na waya da yara ke buɗewa ba babba a ciki. A kansu za a zauna ranar Alhamis ta farko a Nuwamba, ranar da UNESCO ta ware don yaƙi da cin zali a makarantu. Masu littafin rahoto, a taho da shi.

Wassalam,
Kwamitin iyaye, malamai da ma'aikatan lafiya