Katakon ya tsufa, ƙarfen kuma kamar sabo

Asabar.

Tun daren jiya na shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, na jera tocila da gilashin ƙara girma da ƙananan sukurudireba, domin na san yau ba inda za ni. Kwana uku ke nan da ƙaramar bindigar nan, libarba, ta shigo hannuna bayan an gama cike takardu, amma sai yau na sami sukunin zama da ita. Ƙirar Smith & Wesson ce, mai cin harsashi shida irin .38 Special, hancinta, wato bututunta, inci 4. Mutumin da ya sayar mini ya ce rinin jikinta na kamfani ne, ba wanda ya taɓa sa mata hannu, kuma a zatonsa 'yar shekarun 1960 ce. Ranar nan a ƙarƙashin fitilar lantarki baƙinta yana ta ɗaukar ido kamar madubi, ni kuwa ban ja da shi ba.

Na fara da abin da nake farawa da shi kullum: na buɗe silinda, wato ɓangaren da ke juyawa ɗauke da harsasai, na leƙa ramukan nan shida ɗaya bayan ɗaya, na tabbatar ba komai a ciki. Sannan na shiga neman shekarunta.

Idan aka buɗe silinda, akwai wani ɗan fili a jikin gangar bindigar, inda hannun da ke ɗauke da silindar yake kwanciya. Na haska wurin. Akwai 'yan lambobi, amma ba su ne lambar bindigar ba, lambobin haɗi ne da ma'aikata suke bugawa don kada sassan bindiga ɗaya su cakuɗe da na wata a masana'anta. Mutane da yawa nan suke ɓata hanya, su kwashi wannan lamba su je suna neman shekara da ita. Abin da nake nema shi ne lambar samfuri, kuma babu ita. A 1957 kamfanin ya fara buga lambar samfuri a wannan wuri, lokacin da wadda ake kira Military & Police ta koma Model 10. Tunda wurin fayau yake, maganar shekarun 1960 ta faɗi tun kafin rana ta ɗaga.

Na juya ta na duba gindin mariƙi, inda ainihin lambar take. Harafin C ne a gaba. Na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da V suke farawa, daga 1942, na bayan yaƙi suka zo da S, sai C ta karɓa a 1948 ta riƙe har 1967. A gefen dama kuma rubutun adireshi layi huɗu ne, da "Marcas Registradas" da Springfield, garin masana'antar a Amurka, a ciki, shi ma daga 1948 ya soma. To, an sami ƙofa an sami bango: ba ta riga 1948 ba, ba ta kai 1957 ba.

Sai ƙidayar sukuru, wadda nake jin daɗinta fiye da komai a wannan aiki. Huɗu a jikin faifan gefe, wato murfin ƙarfen da ke rufe kayan cikinta, ɗaya daga cikinsu katako ya rufe shi, sai na biyar a gaban zoben da ke kare kunama. Wanda ke can sama kusa da 'yar guduma mai dukan harsashi, shi kamfanin ya daina sawa a tsakiyar shekarun 1950, na gaban zoben kuma ya bi shi a farkon shekarun 1960. Tawa biyar cif. Ɗan saitin da ke kan bakinta kuma zagayayye ne kamar rabin kwabo, irin wanda aka sauya da mai gangara wajen 1952. Na rubuta a takarda: tsakanin 1948 da 1952. Na ji daɗi ƙwarai, don ta girmi yadda aka faɗa mini da shekara takwas ko fiye.

Murnar ba ta daɗe ba. Ina cikin kallon abin da na rubuta sai wani abu ya faɗo mini a rai. Irin waɗannan bindigogi na 'yan shekarun bayan yaƙi ba da ƙyalli suke fitowa ba. Rininsu dusu-dusu yake, mai laushi a ido, sai a tsakiyar shekarun 1950 aka koma goge su har su yi sheƙi. Tawa kuwa ina ganin fuskata a jikin faifan gefe. Ruwa ba ya tsami banza.

Na ɗauke ta daga ƙarƙashin fitila na kai ta bakin taga. Hasken rana bai iya ɓoye komai ba.

Abin da na fara gani shi ne bakin faifan gefe. A masana'anta ana goge faifan ne yana ɗaure a jikin gangar, shi ya sa mahaɗarsu take zama siririn layi kamar silin gashi, har sai mutum ya ƙura ido. A nan layin ya buɗe, gefe da gefe sun ɗan lanƙwasa ciki, ya zama 'yar kwata da farce yake faɗawa. Wani ya cire faifan ya goge shi shi kaɗai a kan injin gogewa. Ramukan sukurun ma kowanne ya yi kwarmi a kewayensa kamar an danna yatsa a danyen yumɓu, saboda ƙyallen injin yana nutsewa cikin rami ya cinye bakinsa. Na sa gilashi a kan tambarin kamfani. Ƙasansa da zurfi, samansa ya shafe har wasu layukan sun kusa ɓacewa. Haruffan da ke jikin hancin su ma sun dakushe. Idan aka buga harafi a ƙarfe, bakinsa yakan ɗan taso, yana da kaifi. Waɗannan sun kwanta sumul, wasu har da 'yar jela a gefe guda, alamar inda ƙyallen ya ja su.

Sai 'yar guduma da kunama. Wannan ya kamata in gani tun ranar farko. A wancan zamani kamfanin ba ya rina su baƙi. Ƙona fatarsu ake yi don ta yi tauri, su fito da dabbare-dabbaren toka-toka da shuɗi da ruwan ƙasa, kamar mai ya zuba a kan ruwa. Nawa baƙi ƙirin suke, launi ɗaya da sauran jikin. Duk wanda ya yi aikin nan, tarkata sassan ya yi gaba ɗaya ya tsoma a tukunya guda.

Jikina ya yi sanyi. Na zauna shiru na ɗan lokaci, sannan na kira Kawu ta bidiyo. Ya shekara fiye da talatin yana gyaran bindigogi kafin idonsa ya raunana, kuma shi ya fara koya mini riƙon sukurudireba yadda ba zai ɓata kan sukuru ba.

Na ce, "Kawu, ina jin an sake mata rini."

Ya ce, "Kana ji, ko ka gani? Matso da ita, ɗan nan."

Na juya masa ita a hankali. Bai ce komai ba sai da muka zo kan kunamar, ya gyaɗa kai. Ya ce in murza babban yatsana da ƙarfi a jikin hancin har wurin ya yi ɗumi, in sansana. Rinin kwalba, wanda ake shafawa da auduga a gida, yana barin wani wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma yakan daɗe bai fita ba. Na sansana, ba komai sai ƙanshin mai. Ya ce to wannan na tukunya ne, wanda ake dafa ƙarfen a ruwan gishirin sinadari mai zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa. Ya tuna mini abin da ya sha faɗa: rinin bindiga ba fenti ba ne, tsatsa ce baƙa da aka horar, siririya ƙwarai, ba ta cike rami, ba ta rufe tabo. Shi ya sa mai rini yake gogewa kafin ya tsoma, kuma abin da gogewa ta cinye ba ya dawowa.

Ya ce, "Yanzu cire katakon. Bi a hankali, kada ka ɓamɓare shi da ƙarfe."

Na kwance sukurun mariƙi, na ɗan tura shi ya ture ɓangare guda, ɗayan ya biyo. A cikin ɓangaren dama an buga lamba, kuma ta yi daidai da ta gindin bindigar. Na bi sauran wuraren da kamfanin yake maimaita lambar a wancan zamani: ƙarƙashin hanci, bayan silinda, da bayan tauraron da ke turo kwanson harsashi. Duk bakinsu ɗaya. Wato ba a yi mata haɗe-haɗe ba, yadda ta fito daga Springfield haka sassanta suke tare har yau, da katakonta mai ɗan lu'ulu'u a kewayen sukuru. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai.

Kawu ya sa na duba gefen hagu na ƙarfen mariƙin da kyau. A dā, idan kamfanin da kansa ya karɓi bindiga ya sake mata aiki, yakan bar shaida: ɗan tauraro kusa da lamba, ko wata da shekara da aka buga da ƙananan lambobi, ko haruffa irin su R-B. Na haska sama da ƙasa, babu ko ɗaya. Aikin wani mai gyara ne a waje.

Abin da na samu a wurin shi ne ya riƙe ni har la'asar. Daidai inda bakin katako yake kwanciya a kan ƙarfe, a gefen hagu, akwai jerin ƙananan ramuka kamar zanzana. Tsatsa ce ta ci wurin. Na sa gilashi na leƙa cikinsu: baƙi ne har ƙasa, ba ja ko kaɗan. Da rinin farko ne, tsatsar ce za ta huda shi, cikin ramin ya zama ja ko fari. Tunda rinin ya sauka har cikin ramin, ramin ya riga shi zuwa. Wannan ita ce shaidar da ba ta da amsa. Mai gogewar bai wahalar da kansa a wurin da katako zai rufe ba, sai ya bar mini abin da ya share a ko'ina.

Na daɗe ina jujjuya katakon biyu a tafin hannuna. Na dama ya sha duka: zanen da aka sassaƙa don riƙo ya lallashe, ƙasansa duk ƙananan tabo, irin na abin da ya yi ta karo da ƙofa da kujera. Na hagu bai ji jiki haka ba, sai dai ya yi duhu, kuma a ƙarƙashinsa ne tsatsar take. Ga yadda na karanta shi: wani ya rataya ta a ƙugunsa na dama shekara da shekaru, gefen dama yana waje yana shan karo, gefen hagu yana manne da jiki yana shan gumi. A fuskar da gindin harsashi yake dokawa idan an harba, na ga zoben da ya bari ya kwanta a ƙarƙashin sabon rinin. Layin da yakan zagaye silinda saboda juyawa kuwa da ƙyar ake ganinsa. Ta yi aiki sosai a rayuwarta ta farko, bayan an rina ta kuma kusan ajiye ta aka yi.

A nan ne abin ya fi sosa mini rai, ba a maganar daraja ba, ko da yake na san masu tara irin waɗannan ba sa ba wadda aka sake wa rini ƙimar ta asali. Da an bar ta da farin da kube ya yi mata a baki da gefen silinda, da na ga yadda mutumin nan yake zaro ta, da wane gefe ya fi gogawa. An sa inji an share wannan duka don ta yi kyau. Duk da haka ba na iya zagin wanda ya yi aikin. Wataƙila tsatsa ta fara cin ta, ya ga in bai yi haka ba za ta lalace. Kuma rinin nasa ya kama da kyau, launi ɗaya ko'ina, babu jan nan mai kama da ruwan goro da yakan fito idan zafin tukunya bai daidaita ba. Hannunsa ne dai ya yi nauyi a kan inji.

Kafin mu yi sallama Kawu ya ce, "Kada ka ƙara mata komai, ka ji ko? Mai kawai." Na ce na ji, Kawu.

Da yamma na kira wanda ya sayar mini, na zayyana masa abin da na gani, ban ɗaga murya ba. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma haka ya same ta, kuma haka aka faɗa masa. Na yarda da shi. Ya ce in ina so in mayar. Na ce a'a, zan riƙe, sai dai in wata ta sake biyowa ta hannunsa, ya fara duba kunamar.

Bayan magariba na cike takardar neman wasiƙar tarihi daga masu kula da tsofaffin kundayen kamfanin. Wasiƙar tana faɗin ranar da bindiga ta bar masana'anta, da wanda aka aika wa, da tsawon hancinta, da irin rini da katakon da ta fita da su. Ranar fita suke bayarwa, ba ranar ƙira ba, domin ba bisa jerin lamba suke fitar da kaya ba, wata takan kwana a ɗakin ajiya wata da watanni. Na haɗa da hotuna shida, har da na ramukan nan na ƙarƙashin katako.

Na ɗiga mai a tsumma na shafe ƙarfen mariƙin, na bi ramukan da ɗan tsinken auduga ɗaya bayan ɗaya. Da na mayar da katakon na lura ya ɗan ɗara ƙarfen tudu ta baya, kamar kaurin takarda, wurin da dā suke daidai wa daida. Na ɗaure sukurun, ban matse shi sosai ba, na sa ta a akwatin ƙarfe na kulle.